Garin da Rana Ta Yi Yaji

Autanmu bai iya faɗin damuwa kai tsaye ba, tun yana ƙarami haka Allah ya yi shi. In ya ce ƙafarsa ta ɗan yi nauyi, to ku nemi mai ɗori. In ya ce malaminsu ya ɗan yi magana, an kore shi daga aji ke nan. Inna ta saba fassara shi kamar yadda ake fassara mafarki, kuma gaskiya ba ta cika yin kuskure ba. Shi ya sa ranar da ya bugo waya daga can ƙarshen arewacin duniya, inda kamfaninsu ya tura shi kula da injinan wuta na wata masana'antar kifi, ya ce, "Inna, mu nan rana ta faɗi, ba kuma za ta sake fitowa ba sai bayan wata biyu," sai ta ajiye kofin shayinta a hankali ta dube ni.

"Ke, an ɗaure yaron nan."

Ni ce 'yarta ta fari, don haka ba ta kama sunana, "ke" ne sunana a bakinta tun ina goye. Na ce, "Haba Inna, wane irin ɗauri? Yanayin garin yake gaya miki."

"Yanayi? A ina kika taɓa jin rana ta kwana biyu ba ta fito ba, balle wata biyu? Wuri ɗaya ne a duniya mutum ba ya ganin rana, kuma kin san shi."

Na yi zaton kiran bidiyo zai raba gardama, ashe fetur na ɗebo zan kashe wuta. Ga Auta a wani ɗan ɗaki, gado siriri na mutum ɗaya, ƙwan fitila ɗaya a sama. Ya tara gemu, yana sanye da wata ƙatuwar riga mai lamba a ƙirji. Inna ta ce ya nuna mata taga. Ya nuna, baƙi ƙirin, alhali ya ce yanzu suka gama cin abincin rana. Ta tambaye shi me suke ci, ya ce kifi, safe kifi, dare kifi. Ta ce suna fita? Ya ce ba a cika fita ba sai da dalili, kuma doka ce ba a barin mutum ya fita shi kaɗai. Kowace amsa ya bayar sai Inna ta gyaɗa kai ta harare ni, har na ji kamar in shiga cikin wayar in toshe masa baki.

Sai kuma ga Kawu, ƙanen Inna, wanda ba ya rasa zuwa duk inda ake neman shaida. Tsohon direban babbar mota ne, kuma a faɗarsa babu inda tayarsa ba ta taka ba.

"Yaya, ni fa na san arewa," in ji shi. "Rabin rayuwata a hanyarta na yi. Duk yadda ka ƙara gaba, rana ƙara matsowa take yi, har sai ka soya ƙwai a kan bonet. Yau a ce mini an yi arewa, an yi arewa, har an wuce rana? To ta wace hanya aka bi aka wuce ta ban gani ba?"

Daga ranar Inna ta rage cin abinci. Da yamma sai in same ta zaune a bakin gado, ta ƙura wa bango ido. Ana nan ana nan ta yanke hukunci, ta kuma sanar da ni ina tsaka da yanka yadi.

"Ranar hutunsa in ya bugo, zan ce masa in dai ni na haife shi, ya tattaro ya dawo gida. In ya ƙi, ban yafe ba. In a sake yake, zai zo in gan shi da idona. In bai zo ba, dole ya faɗa mini gaskiya."

Almakashi ya kusa faɗuwa daga hannuna. Na san ƙanena. In Inna ta furta wannan kalma, ko a ƙafa ne sai ya taho, kuma wanda ya karya yarjejeniyar aiki a tsakiya ba a sake ɗaukarsa. Yaron nan ya sha wuya kafin ya samu aikin, ya yi shekaru yana kwance a ƙarƙashin janaretocin mutane, baƙin mai har cikin farce. Ni kaɗai ya taɓa gaya wa, cikin irin maganarsa ta rabi da rabi, cewa wurin bai yi masa muni ba. A bakin Auta, wannan na nufin bai taɓa jin daɗin zama a ko'ina kamar nan ba.

Na nuna mata hotuna a waya, ta ture hannuna. Ta ce ita ba ta yarda da abin da ake sa wa akuya fukafukai a cikinsa ba. Amma talabijin tana ganin girmansa, don a nan ake karanta labarai, kuma masu karantawa suna sa kaya na mutunci. Wata mai kawo mini ɗinki ce ta gaya mini akwai tashar da ke nuna wani shiri kullum bayan la'asar, a kan mutanen da ke zaune a dajin ƙanƙara na can arewa, inda babu titi, babu kasuwa, babu maƙwabci.

Shagona a gaban gidanmu yake, ɗaki ɗaya ne. Keke biyu, teburin yanka, dutsen guga, sai ɗan talabijin da na ɗora a kan kantar zare don masu jira. Na ce wa Inna aiki ya yi mini yawa, ta zo ta taya ni sa maɓalli. Ta zo tana mita, ta zauna a kujerar masu jira da gwangwanin maɓallai a cinya. Kawu ma ya biyo ta, tun da ya ji ƙamshin shayi.

Da aka fara, ba abin da ya bayyana sai fari. Fari a ƙasa, fari a kan itatuwa, fari har inda ido ya ƙare. Jirgi ne ke ɗaukar hoton daga sama, yana ta tafiya, yana ta tafiya, ba gida, ba hayaƙi, ba sawun kowa. Ni da na kawo mutane kallo, ni na fara sakin baki. Ban taɓa sanin akwai fili irin wannan a duniya da ba wanda ya ce nasa ne ba.

"Gishiri ne?" in ji Inna.

"Dusar ƙanƙara ce."

"Ƙanƙara har da dusa? Wa ya surfa ta?"

Kawu ya yi dariya har ya ƙware. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don sai ga wata tsohuwa ta fito daga wani ɗan gidan katako, sa'ar Inna ko ma ta girme ta, an naɗe ta cikin fatu sai ido. Karnuka suka ja ta a kan wani abu kamar gado marar ƙafa. Mai bayani yana magana da Turanci, ni kuma ina fassarawa da ɗan abin da ya rage mini na makaranta. Na ce musu wannan filin da take tafiya a kai kogi ne.

"Kogi kuma?" in ji Kawu. "'Yar nan, Turancinki ya yi tsatsa."

Tsohuwar ta tsaya, ta ɗauki wani dogon ƙarfe ta yi ta saran ƙasa. Can sai ruwa ya ɓullo, baƙi, yana motsi. Ta zura igiya, ta jira, ta jawo kifi mai tsawon hannu. Ta jefa shi gefe, ya yi tsalle sau biyu, kafin ta gama naɗe igiyar ya sandare. Ta ɗaga shi ta ƙwanƙwasa a jikin ƙarfen, ya yi ƙara kamar itace. Da ta koma gida ta ɗebo tafasasshen ruwa a kofi ta watsa sama tana dariya, ruwan bai dawo ƙasa ba, ya zama farin hayaƙi iska ta tafi da shi.

Inna na riƙe da maɓalli ɗaya tun farkon shirin, ba ta ko zura zare a allura ba. Da aka gama ta miƙe ta ce, "Ai da rana aka ɗauki wannan. Ga haske nan ko'ina." Ta shige gida. Amma a daren ta cinye abincinta.

Washegari ban kira ta ba, ita ta riga ni zama. Shirin ranar a kan duhu ne. Aka nuna agogon bango a gidan tsohuwar, sha biyun rana daidai, sannan aka buɗe ƙofa. Taurari ne birjik a sama. Yara biyu, jikokinta, suna wasa a waje da fitila ɗaure a goshi. Mai bayani ya ce rana ta yi sallama da su tun makonni da suka wuce, kuma da sauran jira. Na fassara wannan a hankali, kalma bayan kalma, ban dubi Inna ba don kada ta ce ina yi mata gori.

"Ikon Allah," in ji Kawu. "Wato rana ta yi yaji ke nan. To wa zai je biko?"

A daidai lokacin ne sama ta kama. Ban san yadda zan faɗe shi ba sai haka. Wani koren haske ya tsaga duhun daga wannan gefe zuwa wancan, ya sauko kamar an saki bandir ɗin yadi daga sama, yana kaɗawa, yana ninkuwa, bakinsa ja-ja. Ni tela ce, na san yadda yadi ke zuba in an sake shi, amma ban taɓa ganin hannun da ya iya saki irin wannan ba. Ba ƙara, ba tsawa. Ƙanƙarar ƙasa duk ta koma kore, karnuka sun ɗaga kai, tsohuwar na tsaye ƙanƙanuwa a ƙarƙashinsa kamar tururuwa a bakin tabarma. Tsigar jikina ta tashi, na ji tsoro, na kuma ji daɗi, duka a lokaci ɗaya.

Kawu ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Mutumin da bai taɓa yarda akwai inda bai je ba ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wallahi Yaya, nan kam ban zo ba."

Inna kuwa sai tasbihi take yi. Leɓɓanta na motsi, hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba. Can ta ce, "Duk tsawon rayuwata ina zaune, ashe ana wannan a sama ban sani ba. Kullum ake yi?"

"Sun ce sau da yawa, in sama ta washe."

"Kuma yaron nan yana ƙarƙashinsa."

Na ce a raina shi ke nan, na ci nasara. Har na saya wa Kawu lemo don murna. Da na san abin da shirin gobe zai kawo, da na ce wuta ta lalace.

Rana ta uku aka nuna maƙwabcin tsohuwar, in har za a kira wanda ke nesa da kai tafiyar yini maƙwabci. Wani dattijo ne mai farin gemu har ƙirji, yana faskare a bayan gidansa. Ba ɗan wurin ba ne. Ya ce yana saurayi aka turo shi gyaran wani inji, aikin 'yan watanni, daga wata ƙasa mai ɗumi. Inna ta gyara zama. Mai tambaya ya ce masa, mutanen gida fa? Dattijon ya ajiye gatari, ya yi magana mai ɗan tsawo yana kallon ƙasa.

Na ce, "Wai yana gaishe su."

"Ke," in ji Inna, "ni ban iya Turanci ba, amma na iya ido. Faɗa mini abin da ya ce."

Ba yadda na iya. Na ce mata ya ce mahaifiyarsa ta yi ta aiko masa ya dawo, shi kuma kullum yana cewa baɗi. Ta rasu a lokacin duhu, jirgi ba ya sauka, labarin bai iso shi ba sai da aka daɗe da binne ta. Mai tambaya ya ce to me ya riƙe shi? Dattijon ya ce kowace shekara yana ɗaure kayansa, sai ya ce bari dai ya ga dawowar rana sau ɗaya tukuna.

Sannan aka nuna dawowar tata. Dattijon da tsohuwar da jikokinta sun hau wani tudu, sun tsaya suna fuskantar wuri ɗaya, numfashinsu na tashi kamar hayaƙi. Gefen sama ya yi shuɗi, ya koma ruwan goro, ya yi ja. Sai ga ɗan bakin rana ya leƙo daga bayan duwatsu, bai fi yankan farce ba. Hasken ya taho a kan ƙanƙara, yana tafe yana tafe, har ya hau ƙafafunsu, ya hau fuskokinsu. Yaran suka yi ihu. Tsohuwar ta cire safar hannu a cikin wannan sanyi ta miƙa tafinta tsirara. Dattijon kuwa kuka yake yi kamar yaro, hawayen na daskarewa a gemunsa. Kafin a ce me, rana ta koma. Iyakar rabonsu na ranar ke nan, kuma suka sauko suna murna kamar an yi musu haihuwa.

Na leƙa waje ta ƙofar shago. Ga tamu ranar nan tana dukan kwanon maƙwabta, wadda tun safe nake tsine wa zafinta. Kunya ta kama ni, ban san ta wa ba.

Inna ta rufe gwangwanin maɓallai, ta ajiye a kan tebur, ta shiga gida. Hankalina ya tashi. Na kawo ta ne ta ga ɗanta ba a ɗaure yake ba, ga shi na nuna mata uwar da ta mutu tana jira. Na ce wa Kawu ya je ya lallashe ta, ya ce shi direba ne, ya san inda ake taka birki.

Ranar hutun Auta wayar ta yi ƙara da hantsi, muna tsakar gida ina wanke kofuna. Inna ta ce in sa yadda kowa zai ji. Bayan gaisuwa ta gyara murya, irin gyaran da na san daga shi sai hukunci. Na riƙe kofi a hannu, kumfa na zuba a ƙafata.

"Auta," ta ce, "wannan koriyar wutar da ke kamawa a sama, ka gan ta?"

Ya ce, "Inna, wa ya gaya miki?"

"Tambayarka na yi."

Sai yaron nan ya ɓalle. Auta, wanda sai an sa ƙugiya ake ciro masa magana, ya yi ta zuba. Ya ce daren farko da ya gan ta ya fito duba inji ne, ya manta abin da ya fito yi, har abokin aikinsa ya jawo shi ciki don kada hancinsa ya daskare. Ya ce in ta yi ƙarfi har inuwarka kana gani. Ya ce akwai shirun da ake yi a wurin, in ka kashe inji kana jin bugun zuciyarka. Ya ce wani tsoho ya yi masa alkawarin kai shi kan tudu ranar da rana za ta dawo. Ya ce, "Inna, da ma kina nan." Bai ce wurin bai yi muni ba. Karo na farko a rayuwarsa ya faɗi abu yadda yake, muryarsa har rawa take yi.

Inna ta saurara har ya gama, idonta a rufe. Na ga ta buɗe baki, na ga ta haɗiye abin da ya zo. Sannan ta ce, "To ka rufe ƙirjinka da kyau. Ka riƙe aikinka, kada ka yi wasa da shi. In kun hau tudun, ka tsaya a gaba. Allah ya yi maka albarka."

Da aka kashe wayar na saki ajiyar zuciya, na zo na durƙusa kusa da ita ina dariya. Na ce, "Kin gani ko, Inna? Ba a ɗaure yake ba. Yanzu sai hankalinki ya kwanta."

Ta daɗe tana juya wayar a hannunta.

"Ke yarinya ce har yanzu," ta ce. "Da na ɗauka a ɗaure yake, kullum ina cewa komai daɗewa za su gaji su sako mini shi. Na gidan yari ai yana da ranar fita. Ba ki ji muryarsa ba?"

Na ji ta sarai.

"Na ga abin da ya gani, ban ga laifinsa ba. Ni ma da ina da ƙafa, da na je." Ta miƙo mini wayar. "Karɓi, ki ajiye mini ita nesa. In tana kusa da ni zan kira shi."